Kalmar "Fanik" a Rubutunmu na Yau da Kullum

Jawabi ga 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

Sannunku da ƙoƙari. Mun san ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya baro gona, ko uwargida ta sauke tukunya, a zo a zauna bisa tabarma da littafi da fensir. Allah ya sa albarka a cikin karatun nan.

Yau a kan kalma guda za mu yi magana. Kalmar ta Turanci ce. Turawa suna rubuta ta haka: panic. Mu kuwa a bakinmu "fanik" take fita. Ma'anarta tsoro mai faɗo wa mutum farat ɗaya, har ya rasa abin da zai yi. Yanzu ta shigo cikin rubutunmu. Samari masu waya suna sa ta cikin saƙo. Sai ka ga an rubuto, "Mutane sun yi fanik a kasuwa," ko kuwa, "Kada ku yi fanik." Tun da yake ku ma kun fara karanta saƙo da kanku, kuna kuma rubutawa, ya kamata mu zauna mu duba kalmar nan tare. Ina ta fito? Me take nufi? Ko ta dace da alƙalaminmu?

Kada wani ya ce, yanzu kalma ɗaya har ta isa a tara mutane a kanta? Ta isa. Saƙon tsoro ba kamar saƙon gaisuwa yake ba. Wanda ya karanta shi tashi zai yi ya aikata wani abu. Ko ya gudu, ko ya sayar da hatsinsa, ko ya sha wani abu da sunan magani. In kalmar da aka rubuta masa ba ta fito da magana sosai ba, abin da zai aikata ma ba zai zama daidai ba.

Inda kalmar ta fito

A can Turai akwai wata ƙasa da ake kira Girka. Mutanenta na zamanin da suna da abubuwan bauta da yawa. Ɗaya daga ciki sunansa Fan. Sukan zana shi sama mutum, ƙasa akuya, ga ƙaho a ka. A wurinsu shi ne mai daji da makiyaya. In garken tumaki yana kiwo lafiya lau, sai kawai ya zabura ya watse, makiyayi bai ga kura ba, bai ga komai ba, sai su ce ihun Fan dabbobin suka ji. Daga sunan nan aka samo kalmar. Ta bi ta harshen Faransa, sa'an nan ta shiga Turancin Ingila, yau shekara ɗari huɗu ke nan ko kusa da haka.

To, kun ga Turawan ma aro ta suka yi. Kun kuma ga tun asali abin da take nufi, watau gudun garke. Duk wanda ya taɓa kiwo a gefen dajin Falgore ya san wannan. Saniya ɗaya ta zabura, sauran su bi ta a guje, ba wadda ta tsaya ta ga abin da ya kori ta farkon. Ku riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Aron kalma ba laifi ba ne

Ba muna cewa a kori kowace baƙuwar kalma ba. Hausa ta daɗe tana karɓar baƙi. Littafi da alƙalami da tawada daga Larabci suka zo. Akwati da agogo daga Yarabanci. Mota da tebur da asibiti daga Turanci. Duk sun zauna, sun zama 'yan gida, ba mai tambayarsu daga ina.

Amma ku lura da yadda suka shigo. Mota ta zo ƙasar nan ba mu da sunanta, sai ta zo da nata. Haka asibiti, haka famfo. Baƙon abu shi yake zuwa da baƙon suna. To, tsoro baƙo ne a ƙasar Hausa? Kakanninmu sun ga yaƙi, sun ga fari, sun ga fara, sun ga annoba. Sun san tsoro ciki da waje, sun kuma raɗa wa kowane irinsa suna. Wani Bature mai suna Bargery ya tattara kalmomin Hausa ya buga babban ƙamus a shekarar 1934. Firgita da razana da fargaba duk suna ciki. Wanda rumbunsa yake cike, me zai kai shi aron tiya a maƙwabta?

Haruffa biyu masu tuntuɓe

Akwai kuma wahalar karatu. Ku dubi kalmar yadda Turawa suke rubuta ta. Harafin farko babu shi cikin baƙaƙen da muka koya muku. Mu F muke sawa a gurbinsa. Shi ya sa muke rubuta fensir, fasinja, fakiti, fenti, firamare. Harafin ƙarshe kuwa C ne. A ajinmu C ita ce ta ciki, ta cokali, ta cinya. Amma a kalmar nan Turawa K suke furtawa, kamar a kofi da kati.

Saboda haka sabon mai karatu in ya zo kanta sai ya tsaya cik. Ya harhaɗa, ta ƙi fita. Ya sake, ta ƙi. Ga shi saƙon na gaggawa ne. Sai ya tashi neman yaro ɗan makaranta ya karanta masa, watau ya koma inda ya fito kafin ya shiga aji. In ma an karanta masa, tsohon da bai taɓa jin kalmar ba zai iya zaton maganar fanka ake yi. Rubutun da mai karɓa ba zai iya karantawa da kansa ba, bai yi aikinsa ba.

In ta kama dole ku kwafi kalmar, misali tana cikin wata sanarwa, to, ku rubuta ta yadda take fita a bakinmu, fanik, ku bi ta da bayani da Hausa.

Tsoro iri-iri ne

Yanzu ga babbar maganar. Masu rubuta "fanik" suna ɗora wa kalma ɗaya kayan kalmomi goma. Bari mu sauke kayan nan, mu ba kowace nata.

Tsoro shi ne uban duka. Yaro yana tsoron duhu, babba yana tsoron bashi.

Fargaba ita ce tsoron abin da bai faru ba tukuna, amma ana jin zai iya faruwa. Manomin masara a Doguwa ya ga hadari ya yi kwana goma bai haɗu ba, yana fargaba.

Zullumi shi ne tunanin da ke cin mutum a zuci, ya hana shi barci. Uwar da ɗanta ya tafi ci-rani, ta yi wata biyu ba ta ji muryarsa ba, tana zullumi.

Firgita ita ce ta farat ɗaya. Ƙofa ta bugu da ƙarfi, ka zabura, gabanka ya faɗi. Jim kaɗan ta wuce, har ka yi dariya.

Razana ta fi firgita nauyi. Kana yankan shinkafa a fadamar Tudun Wada, ka kai hannu sai ga kububuwa. Jiki ya ɗauki rawa, ya daɗe bai daina ba.

Ruɗewa ita ce mutum ya kasa rarrabe abin yi. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya nufi gabas ya juyo yamma.

Gigicewa, ko kiɗimewa, ko ɗimaucewa, nan hankali ya gushe na ɗan lokaci. Gobara ta tashi, mace ta fito da tsintsiya a hannu, ta bar akwatin kayanta.

Rububi shi ne jama'a su yi ca a kan abu don tsoron kada ya ƙare. An ce man fetur zai yi wuya, kowa ya ɗauki jarka.

Turmutsutsu, ko turereniya, shi ne taro ya ruɗe gaba ɗaya, ana ture juna, ana tattake na ƙasa. Wannan shi ne mai kisa.

Kun ga bambanci? In aka rubuto maka, "Inna ta firgita," ka san ta ji wata ƙara ne, yanzu ta warware. In aka ce, "Inna ta gigice," ka san lalle ka hau babur ka tafi gida. In aka ce, "Inna tana zullumi," ka san kiran waya take so da magana mai daɗi. Amma in aka rubuto, "Inna ta yi fanik," wanne ciki za ka yi? Ba ka sani ba. Zuciya kuwa in ba a gaya mata ba, mafi muni take zaɓa.

Haka nan "Kada ku yi fanik." Mu muna da tamu wadda ta fi ta: "Ku kwantar da hankalinku." Ta farkon ta ambaci tsoro ta bar ka da shi. Tamu kuwa ta gaya maka abin da za ka yi.

Abin da ke faruwa a jiki

Yana da kyau ku san abin da firgita take yi a jikin ɗan Adam. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta ƙarama. Da zarar mutum ya tsorata, sai su saki wani sinadari cikin jini, likitoci suna kiransa adiranalin. Nan da nan zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, zufa ta karyo, jini ya tafi ga ƙafafu da hannuwa. Allah ya shirya haka domin mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Wannan rahama ce in maciji ne a gabanka.

Amma a wannan lokaci tunani yakan ƙuntata. Mutum ba ya iya auna magana. To, a da wanda ya razana sai dai ya yi ihu, mutanen unguwa su ji. Yanzu waya tana hannunsa. Kafin zuciyarsa ta lafa ya riga ya tura saƙo, mutum ɗari sun gani, daga Bebeji har Riruwai. Don haka dokar farko ita ce: kada ka yi rubutu zuciyarka tana dukan uku-uku. Zauna. Yi salati. Ja numfashi a hankali. Sa'an nan ka ɗauki waya.

Ku sani kuma, likitoci suna amfani da kalmar nan ta Turanci wajen sunan wata cuta. Mutum yana zaune ba abin da ya same shi, sai zuciya ta kama bugu, numfashi ya yi sama-sama, jiki ya yi rawa, ya ji kamar mutuwa zai yi. Bayan 'yan mintoci abin ya sauka. Cutar tana da magani. Amma ciwon zuciya ma yakan zo da irin alamun nan. Saboda haka in za ku rubuta wa malamin asibiti, kada ku sa wa ciwo suna da kanku. Ku faɗi abin da kuka gani: tun yaushe ya fara, minti nawa yake yi, ina ne yake ciwo. Sa suna aikin likita ne.

Daren gishiri, 2014

Yanzu bari mu ba ku misali na gaskiya, wanda da yawanku kuna tunawa. A ran 20 ga Yuli, 2014, wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga ƙasar Laberiya, yana ɗauke da cutar Ebola. Wata likita, Dokta Stella Adadevoh, ta hana shi fita daga asibiti don kada ya yaɗa ta cikin gari. Ita ma ta kamu, ta rasu cikin watan Agusta. Ƙasa duka ta shiga fargaba, kuma fargabar tana da dalili, don cutar mai kisa ce.

Sai a daren 7 ga Agusta, wayewar 8, wani saƙo ya bazu a wayoyi. Aka ce kowa ya tashi kafin gari ya waye, ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, wai shi ne rigakafi. Wannan ya kira wancan, wancan ya tashi maƙwabcinsa. Kafin asuba maganar ta game ƙasa, har nan ƙasar Kano. Aka tashi yara daga barci ana ba su ruwan gishiri. Ba wanda ya san wanda ya fara faɗa. Kowa cewa yake, "An ce."

Da gari ya waye Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta yi sanarwa cewa maganar ƙarya ce. Amma aikin gama ya gama. Jaridu suka ba da labarin aƙalla mutum 2 sun mutu, kamar 20 kuma an kwantar da su asibiti, saboda shan gishiri. Gishiri mai yawa yana ta da hawan jini, yana janye ruwan jiki, yana wahalar da ƙoda. Kada ku haɗa shi da ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa. Wancan aunannen abu ne, gishirinsa ɗan kaɗan.

To, ita cutar fa? Ebola ba ta bin iska. Ana ɗaukarta ne ta taɓa jini, ko amai, ko gudawa, ko gawar wanda ya kamu. Duk Nijeriya mutum 20 suka kamu a wannan shekara, 8 suka mutu, kuma a Legas da Fatakwal ne. Ko mutum ɗaya bai kamu a Jihar Kano ba. A ran 20 ga Oktoba, 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar ta ƙare a Nijeriya.

Ku duba da kyau. Cutar ba ta iso mu ba, saƙon ne ya iso mu. Gudun garke ke nan da muka faɗa. Waɗanda suka tura saƙon nan ba mugaye ba ne, 'yan'uwansu suke so su tsira. Amma sun tura shi suna a gigice, ba su tambayi wa ya faɗa ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Tsoron da ke da dalili

Kada ku ɗauka muna cewa duk saƙon tsoro ƙarya ne. A'a. Mu mutanen wannan yanki muna zaune kusa da babban ruwa. Madatsar Tiga tana ƙasar Bebeji, a kan Kogin Kano. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Dattawanmu kuma ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. Ruwa ya ci gonaki da gidaje da dabbobi, aka yi asarar rayuka. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle a Jihar Borno, ruwa ya shiga Maiduguri da dare, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka in damina ta yi nauyi, ba abin mamaki ba ne mutanen bakin kogi su yi fargaba. A nan ne zaɓen kalma yake zama maganar rai. Ku dubi waɗannan jimloli uku:

Dam ya cika, ruwa yana zuba ta magudanar da aka gina masa.

Hukuma ta saki ruwa, kogi zai ƙaru.

Dam ya ɓalle.

Ta farko aikin dam ke nan, don haka aka yi masa magudana, sai dai masu gona a bakin kogi su sa ido. Ta biyu gargaɗi ce, a janye injin ban-ruwa da dabbobi da yara daga bakin ruwa. Ta uku kuwa a bar komai a hau tudu. In wani ya dunƙule duka ukun ya rubuta, "Ana fanik a Tiga," ya cuci mutane ta hanya biyu. In abin ƙarami ne, ya sa tsofaffi da masu ciki gudu cikin dare a banza. In kuma aka saba jin irin wannan ana ganin ba komai, ranar da abin ya zama gaskiya ba mai tashi. Labarin dam kuwa, wurin Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ake samun tabbacinsa, ita ke kula da Tiga, sai kuma rediyo da bakin hakimi da dagaci.

Yadda za mu rubuta

To, ga hanya mai sauƙi. Duk saƙon da ya shafi tsoro, ya amsa tambayoyi biyar:

1. Me ya faru?
2. A ina?
3. Yaushe, wace rana, ƙarfe nawa?
4. Wa ya gani? Kai da idonka, ko ji ka yi?
5. Me kake so mai karatu ya yi?

Bari mu ƙaga misali don aji. A ce wani ya rubuta: "Fanik a Kwanar Ɗangora! Kowa yana gudu! A tura wa kowa!" Ba rana, ba lokaci, ba dalili. Mai ɗa a hanya zai ce 'yan fashi ne. Mai kaya a mota zai ce haɗari ne. Bayan wata shida ma saƙon zai iya sake zagayowa kamar yau aka yi.

Ga yadda ɗan ajinmu zai rubuta: "Yaya, yau Talata da ƙarfe 4 na yamma tayar wata babbar mota ta fashe a Kwanar Ɗangora. Mutane sun firgita da ƙarar, waɗansu sun gudu. Ina wurin, da idona na gani. Ba wanda ya ji ciwo. Hanya a buɗe take, ku taho abinku."

In kuwa haɗarin na gaske ne, haka nan za a faɗe shi sarai: "Baba, yau Laraba ƙarfe 9 na dare ruwan rafi ya hau gonakin fadama, yana kuma ƙaruwa. Na gani, mai unguwa ma ya gani. Ku kwashe yara da dabbobi ku hau tudu wajen makaranta yanzu. Kada kowa ya ratsa ruwan."

In ji ka yi ba gani ba, faɗi haka. A ce wa dagaci: "Ranka ya daɗe, wani direba ya gaya mini jiya Asabar da magariba ya ga baƙin mutane a bakin hanya cikin Falgore. Ni ban gani ba. Na ga ya kamata ka sani." Wannan ya kai magana inda za a bincika. Ya fi a watsa ta a WhatsApp ko Facebook, inda za ta tsorata dubu, ba kuwa mai iya yin komai.

Saƙon da ya zo maka kuma, ka gwada shi da tambayoyin nan biyar kafin ka tura. In ya fāɗi, ya tsaya a wayarka. Ka yi hattara musamman da mai cewa, "Tura wa mutum goma yanzu-yanzu." Gani ya kori ji.

Amanar mai ilimi

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Lokacin ana shirin Yaƙin Duniya na Biyu, jita-jita ta cika kasuwanni. Ɗaya daga dalilan kafa jaridar shi ne mutane su sami labari na gaskiya da harshensu. Bayan haka aka ɗaura yaƙi da jahilci a Jihar Arewa cikin shekarun 1950. A 1980 kuma, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano. Duk wannan wahala an sha ta ne domin talaka ya karanta da kansa, kada a ruɗe shi.

Yanzu ku ne masu wannan gado. A ƙauye, wanda ya iya karatu shi ake miƙa wa waya a ce, "Duba mana." Abin da ya faɗa shi za a ɗauka. In ya ruɗe, gida ya ruɗe. In ya natsu ya ce, "Bari mu ga wa ya faɗa," gida ya natsu. Saboda haka ku riƙe kalmominku na Hausa, ku zaɓi wadda ta dace da abin da ya faru, kada ku ƙara, kada ku rage.

Aikin aji

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: firgita, razana, fargaba, zullumi, ruɗewa, gigicewa, rububi.
2. Sa kowace ɗaya cikin jimla taka ta kanka.
3. Mene ne bambancin firgita da fargaba?
4. A wace shekara aka yi daren gishiri? Mutum nawa suka kamu da Ebola a Jihar Kano?
5. Faɗi tambayoyi biyar da saƙo zai amsa, ba tare da duba littafi ba.
6. Gyara wannan saƙo: "Ana fanik a kasuwa, kada kowa ya zo."

Ku kawo aikin nan ranar aji mai zuwa, malaminku zai duba. Wanda ya gane ya taimaki wanda bai gane ba. Allah ya tsare mu daga firgici, ya ba mu natsuwa da lafiya da damina mai albarka. Amin. Mu kwana nan.